Albarkar da Mahasin ta Kawo Mini

Ardul Liwa, Alƙahira
9 ga Afrilu, 2015

Zuwa ga Yaya Humaira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya ke da yara, da fatan ƙafar Inna ta yi sauƙi. Ni ma da sauƙi, sai dai abinci ba ya shiga.

Ɗanki Zubairu ya kira shekaranjiya ta wayar maƙwabciyata Mahasin, 'yar Sudan, don a gidan da nake aiki a Zamalek ba a barinmu da waya. Yau kwana goma sha ɗaya 'yan ta'adda sun yi wa tsibirin da aka kai su a Tafkin Chadi ƙawanya. Su sojojin ruwan ba su kai arba'in ba, ga masunta da iyalansu a bayansu. Jirgin da ya kawo musu harsashi a idonsu aka harbe shi, ya kama da wuta, mutanen ciki suna faɗawa ruwa ana bin su da harbi. Ina jin ƙarar bindiga ta cikin wayar, wai shi ce mini yake itace ake faskarawa. Ni da na haife shi!

Ku taya ni addu'a Allah ya fito mini da shi.

Ƙanwarki,
Azumi

14 ga Afrilu, 2015

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Zubairu ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar Lahadi da la'asar na dawo daga aiki na tarar da Mahasin a ƙofar ɗakina da wasu mata biyu. Suka ɗaga hannu suka yi Fatiha, Mahasin ta rungume ni tana cewa albaraka fiki. Kin san Larabcina bai wuce na kasuwa ba. Da na ji albarka sai na ɗauka an ceto su. Yaya, guɗa na rangaɗa a kan bene, har Misirawan da ke ƙasan benen suka leƙo suna yi mini mabruk, wato barka. Sai na ga Mahasin ta durƙushe ta rufe fuska da mayafi. Ashe su haka suke ta'aziyya.

Abokin aikinsa Ja'afar ne ya kira wayar Mahasin ya gaya mata. Jiya na daure na sa ya gaya mini komai. Da hantsi 'yan ta'addan suka ɓullo ta cikin ciyawar ruwa, kwalekwale ya fi ashirin. Suka cinna wa bukkoki wuta, suka yanka masuntan da suka riska a bakin gaɓa. Zubairu yana kan babbar bindiga, ya tare su har jirage uku na mata da yara suka tsere. Harsashi ya fasa masa kafaɗa bai saki ba, na biyu ya same shi a wuya. Ja'afar ya toshe wurin da hularsa, jini yana ɓulɓulowa ta tsakanin yatsunsa har ya cika. Tsibirin bai faɗi ba. A can suka binne shi cikin yashi, da kakinsa.

Ki je wurin Inna da ƙafarki, tunda ita ta goya shi. Ki zaunar da ita, kada ki yi kewaye, kada ki fara da wata kalma mai daɗi. Ki ce mata Zubairu ya rasu. Ni na riga na yi wa mutuwar ɗana guɗa, ya isa.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Azumi