Kunnen Bashir

Lyon, daren Laraba, 14 ga Maris

Saura kwana uku jarrabawar Ingilishi. In ban ci ba, aikin jaridar nan na Paris ya wuce ni.

Wata uku ina haddace aikatau masu karɓar -ing da masu karɓar to. Yau Bashir, maƙwabcina ɗan Kano, ya dawo daga masana'antar da yake aiki a Saint-Fons, ya leƙa wasiƙar da nake gwadawa yana cin gyaɗata. Na rubuta I look forward to hear from you.

"Malam Issoufou, hearing ne," in ji shi.

"Bayan to? Wace ƙa'ida ce?"

"Wallahi ban sani ba. Kunnena ne bai yarda ba."

Na buɗe littafi ina fatan ya yi kuskure. Bai yi ba. Ni da na shekara shida ina gyara rubutun mutane a jarida a Yamai! Shi ko sunan gerund, wato aikatau mai -ing, bai sani ba, tun firamare aka zuba masa abin a kunne.

Kafin ya fita ya miƙo mini takardarsa ta Faransanci, ta neman sabunta izinin zama. A layi na biyu na hango kuskure babba. Na ce ta yi kyau.

Sai Juma'a zai kai ta. Gobe da safe zan ƙwanƙwasa masa in gyara. Amma yau dai ya kwana da kuskurensa, kamar yadda zan kwana da nawa.