Tawadar da Na Zuba

Talata, bayan Isha'i

Ban taɓa gaya wa kowa ba: ni na zuba tawada mai araha a firintar Baba, bayan na ƙarar da tasa wajen buga bangon littattafan soyayya. Tun ranar hotunan baƙi da fari suke fitowa kore-kore, har ya fara zancen sayar da ita.

Yau a shagonmu na unguwar Adum, Baba ya buga layin launin toka, daga fari zuwa baƙi, ya auna da na'ura, ya gyara saiti. Hoton marigayiya Kaka ya fito tas. Ya ce, "Inna, kin dawo kamanninki."

Sai lokacin hankalina ya kwanta. Bakina ba zai iya faɗa ba, shi ya sa na rubuta masa wasiƙa. Gobe zan miƙa masa wasiƙar tare da kokonsa na safe.