Matar da ke kan Koriyar Kujera

Harlesden, Landan
3 ga Maris

Verlyn, 'yar'uwata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya gwiwar nan taki da sanyin Birmingham? Yaya jikoki? Ina fata kowa yana lafiya. Na san ganin rubutuna zai ba ki mamaki bayan shekarun nan. A wajen 'yarki na samu adireshin.

Ƙungiyarmu ta Sorrel za ta cika shekara arba'in a watan Yuni, kuma ni aka ɗora wa rubuta tarihinta, tunda ni kaɗai na rage a cikinta daga waɗanda suka kafa ta. Har yanzu muna kan abin da muka fara: sabon wasan kwaikwayo daga alƙalamin baƙar fata. Ina da matasa goma sha huɗu da nake koya wa rubutu. Verlyn, da ma kin gan su! Ɗaya ta rubuta wasa a kan shagon kitso, mun yi dariya har da hawaye.

Koriyar kujerar ma tana nan. Kowace Asabar a kewaye tebur a karanta sabon wasa, marubucin ya zauna a kanta, bakinsa gum har a gama. Babu mai hawanta sai shi. Ko jaka wani ya ɗora mata, sai yaran sun yi masa ca.

Makon jiya na kawo musu kwalin tsofaffin hotuna. Suka zaro na ranar da muka karanta wasanmu na farko, Tasha ta Ƙarshe, a ɗakin ƙasa na coci. Ga ki nan a kan kujerar da kayanki na kwandastar bas, injin tikiti a cinya. Osbert, ɗan ƙungiyarmu, yana tsaye a bayanki.

Wata mai suna Folake ta ce, "Anti Pearline, ba kin ce Osbert Alleyne ne ya rubuta wannan ba? To me matar nan take yi a kujerarsa?"

Na ce, "Daga aiki take, ta gaji, ta zauna."

"Haba, Anti! Ke da kika bi ni da tsintsiya don kawai na jingina da ita?"

Suka kwashe da dariya, ni ma na taya su. Da na koma gida, ko shayi na kasa sha.

Ke kika rubuta shi. A bayan takardun aikinki kika rubuta shi, a tasha, kafin bas ta juya, ni kuma na buga a tafireta. Da masu babban gidan wasa na cikin gari suka yarda su ba mu mako biyu, Osbert ya ja ni gefe ya ce, "Pearl, wa zai zo kallon wasan kwandasta? Ni an san fuskata a talabijin. Sa sunana, daga baya ma gyara."

Da na so, da na ce a'a. Ina da digiri, ina da baki, kin sani. Amma ina ɗokin ganin sunan Sorrel a jarida, sai na buga sunan Osbert a takardar da aka raba wa 'yan kallo. Ranar buɗewa kika karanta ta a bakin ƙofa, kika ninke, kika ce mini, "Malama, kin iya bugu." Ba ki ƙara zuwa ba.

Osbert ya rasu bai gyara ba. Ni kuwa shekara arba'in ke nan ina gaya wa yara su tsaya a kan rubutunsu kada su bari a ƙwace.

Ina neman izininki in sa sunanki a littafin. Ban sani ba ko kina so a tono.

Ki gaishe da mutanen gida.

Taki,
Pearline

Harlesden
29 ga Maris

Verlyn,

Ina gaisuwa, ina kuma fata kin wuni lafiya. Wasiƙarki ta iso tare da ƙunshin. Na ji daɗi da gwiwa ta yi sauƙi.

Kin rubuta cewa, "Sunana ba ya neman izinin kowa, nawa ne. Amma kada ki buga shi a littafi sai kin faɗa da bakinki a gaban yaran da kika yi wa ƙarya."

Na faɗa ranar Asabar. Na ɗaga hoton na gaya musu komai, ban laɓe a bayan mamaci ba. Can Folake ta ce, "To, Anti, sauran wasannin fa? Su ma kin tabbata?"

Ya yi mini zafi, amma gaskiyarta. Na tura musu kwalayen na ce su duba da kansu. Suna dubawa. Biyu daga cikinsu ba su gaishe ni ba da za su tafi.

Sai ƙunshin. Verlyn, ashe ba ki daina rubutu ba! Kin ce wasanni biyar ne a aljihun teburinki, wannan ne ƙaraminsu. Na fara shi a tsaye a kicin, har shinkafata ta ƙone. Wurin da wata tsohuwa ke wanke rigar mijinta bayan jana'iza, tana yi masa faɗa a kan maɓalli, sai da na nemi wuri na zauna. Yaran na rigima a kan wadda za ta karanta tsohuwar.

Mun sa karatunsa ranar sha bakwai ga Afrilu. Zan tare ki a tashar jirgin ƙasa. Shafin farko ni na buga, na duba sunan sau uku: Verlyn Greenidge.

Na ga layinki na ƙarshe, inda kika ce zuwa za ki yi, ba cewa kika yi kin yafe ba. Ban nemi fiye da haka ba.

An ɗaure wa kujerar ƙafarta mai girgiɗi, na kuma sa mata matashi saboda ke. Dokar dai ba ta canza ba: wadda ke kanta ba ta magana sai an gama karatu. Bayan nan, duk abin da za ki faɗa mini, ki faɗa a gabansu. Ina zaune, zan saurara.

Allah ya kawo ki lafiya.

Taki,
Pearline