Biya Biyu a Ranar Sha Huɗu

Wurno, Litinin

Kawu Bube,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da mutanen gida duka. Na rubuto ne don na san tun da kunnenka yay yi nauyi waya ba ta yi maka amfani.

Kawu, kwana huɗu ke nan ko zama ban iyawa. Ka san ni ce ma'ajiyar ƙungiyarmu ta mata masu gyaran shinkafa. Ran Alhamis na tai banki Sakkwato in ɗauko abin da za mu raba kafin azumi, sai ma'aikaciyar tac ce babu ko sisi, har ma su ke bin mu dubu arba'in da bakwai. Nac ce, "Bashin mi? Yaushe munka ci bashi?" Tac ce mun cire fiye da abin da ke cikin asusun, kuma wata ukku ke nan ana ɗora muna tara.

Guminmu ne, mu talatin da biyu. Shugabarmu Hajiya Mashkura ta ba ni zuwa Lahadi ta sama in yi bayani. Jiya na shiga gidan suna, ina yin sallama hira ta tsaya.

Ga takardun bankin nan na ba Zayyanu direba. Kai da ka yi shekara ashirin kana lissafin ƙaramar hukuma, don Allah duba mini.

Ɗiyarka,
Adawiyya

Goronyo, Laraba

Adawiyya,

Wa'alaikumus salam. Muna lahiya, alhamdu lillahi.

Na bi takardun layi-layi. Ran sha huɗu ga Disamba an biya dubu ɗari ukku da ashirin. Bayan minti ukku anka sake biyan wannan adadi ga mutum guda, sai dai sunan nashi bai fito sosai ba. Nan asusun ya rufta, duk abin da kunka zuba daga baya ramin ya haɗiye.

Ki koma bankin da koke a rubuce, su buga miki hatimi a kwafinki. Kada ki yi kuka gabansu. Kuma ki gaya mini wa kunka biya.

Allah shi fid da ke.

Kawunki,
Bube

Wurno, Jumma'a

Kawu,

Barka da Jumma'a. Na koma. Awa huɗu a layi, daga wannan tebur a tura ni wancan.

Na tuna ranar. Muna gindin mota ana loda shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, na tura kuɗɗin, waya tac ce bai tafi ba, sai na sake dannawa. Manaja ya ce duka biyun sun tafi, kuma wai cikin takardun da munka dangwala wa hannu akwai yardar a ranta muna in kuɗɗinmu sun gaza. Wa ya karanta muna? Saƙonninsu kuma suna zuwa tsohon layin Hajiya da ya ɓace tun bara. Ya ce tara tana nan, sauran kuwa mu bi wanda ya karɓa.

Kawu, sau biyu na yaga takardar ga kafin in iya rubuta wannan. Wurin Yaya Lauwali munka sayi shansherar, a Rabah. Ɗanka. Na kira shi, yac ce shi bai ga komi ba. Yanzu ko ɗauka bai yi.

In ka ce in yi shiru, zan sai da akuyoyina da keken ɗinki in fara biya. Ka gaya mini yadda zan yi.

Adawiyya

Goronyo, Talata

Ɗiyata,

Gaisuwa mai yawa. Kada ki taɓa kekenki.

Asabar na hau mota zuwa Rabah. Na iske Lauwali a fadama da sabon injin ban-ruwa. Nac ce ya buɗe wayarshi ya nuna mini ranar sha huɗu. Sai yac ce, "Baba, na yi niyyar maidawa in na kwashe albasa." Nac ce, "Ita kuma da ake kira ɓarauniya, ta jira albasarka?"

Ban baro garin ba sai da anka sai da injin da ɗan maraƙinshi. Kuɗɗin suna hannuna. Uwarshi, Innarku Sauda, tun da na dawo ba ta ce mini ci kanka ba.

Lahadi ina tafe. Ni zan yi wa matan bayani da bakina, da sunan wanda ya riƙe. Maganar tara kuma, zan rubuta wa bankin da kaina.

Kawunki,
Bube

Wurno, Alhamis

Kawu,

Ina fata ka isa gida lahiya. Banki sun maido rabin tarar, sun ce iyakarta ke nan. Mun raba kuɗɗi jiya. Hajiya Mashkura ta zo har ɗakina ta ba ni haƙuri, ta ce in ci gaba da riƙon asusun. Ban ba ta amsa ba tukuna.

Na aika wa Inna Sauda shinkafa kwano biyar, Zayyanu ya dawo mini da ita ko buɗewa ba a yi ba. Zan sake aikawa ran kasuwa.

Allah shi saka maka da alheri.

Adawiyya