Sun Kai Baba Kallon Yaƙi

Yaya Hajara,

Gaisuwa mai yawa. Ya jiki, ya maigida da yara? Mu nan Dabokpa sai godiya.

Makon jiya samarin unguwa suka ja Baba zuwa silima, wai karramawa ce, tunda ya yi yaƙin ƙasar Bama a zamanin Turawa. Shirmen banza! Sojan fim ɗin ya dawo gida, ya yi kuka a kafaɗar matarsa, shi ke nan ya warke. Har tafi suka yi.

Namu sojan kuwa tun ranar, da ya ji ƙarar taɓarya sai ya kwanta ƙasa kamar ana harbi. Mma ta koma daka a maƙwabta, kamar yadda take yi muna yara.

Ki gaida kowa, ki sa Baba a addu'a. Masu tafin ko dubiya ba su zo ba.

Ƙanwarki,
Fati