Bandar Kifin Da Ka Aiko

Ƙanena Habibu,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali, ya jikin Rabi? Mu nan Gwale lafiya ƙalau.

Bandar kifinka ta iso. Ban ko ɗanɗana ba na rarraba wa maƙwabta tsaraba. Da azahar sai ga Hajiya Tabawa da kwanon miya: "Binta, shinshina ki ji." Wallahi warin kananzir! Sai na tuna ɗanyen man da aka ce ya malala a tekunku.

Hankalina ya ƙi kwanciya. Ka dawo gida, Kawu yana neman abokin aikin haɗa sola. Mu tukunya ɗaya muka zubar, Habibu. Ku da kuke ci kullum fa?

Ka gai da Rabi, a sa mu a addu'a.

Yayarka,
Binta