Bangon Ɗakin Auta

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da 'yarka Auta. Tun da ka daina ɗaga waya, ga takarda, ita ba ka da yadda za ka kashe ta.

Na iso gida lafiya, amma hankalina yana can gidanka, a jikin bangon ɗakin da yarinyar nan take kwana. Yaya, na sa hannu a tsagar nan, yatsuna huɗu suka shige. Daga kan gadonta ana hango igiyar shanya a tsakar gida. Bara da muka zo rasuwar mamanta tsagar ba ta fi kaurin zare ba. Shekara talatin kana riƙe da cokalin gini, rabin unguwarku kai ka tayar da ita, a ce gidan magini ne bango yake hamma haka? Ko ni tela ba na yawo da yagaggen zane.

Da na yi maka magana sai ka yi murmushi ka ce duniya rumfar kara ce. Na haɗiye amsata don Auta tana zaune. To yanzu ga ta: ko rumfar kara ce, mai ita yakan ɗaure ta kafin iska ta taso. Damina saura wata biyu, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Tsoro nake ji, Yaya, ba na ɓoye maka.

In an ba su hutu ka turo min ita ta kwana biyu. Ka huta lafiya.

Ƙanwarka.

*

Zuwa ga ƙanwata,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Saƙonki ya same ni, na gode da kulawa. Ki gaishe min da maigidanki da yara.

Na ga har yanzu bakinki ya fi almakashinki kaifi. Ban ji haushi ba. Amma bari in gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba.

Ɗakin da maman Auta ta rasu a ciki, ni na gina shi da hannuna. Ban rage rodi ɗaya ba, ban yi ha'incin siminti ba, kwana bakwai ina ba shi ruwa safe da yamma. Ko ƙusa da ƙyar take shiga bangonsa. Zazzaɓin kwana uku ya shigo ya ɗauke ta, bai nemi izinin bangon ba. Bayan wata biyu aka zo faɗaɗa titi, aka rushe gidaje shida da na gina ina saurayi. Ina tsaye ina kallo. Kafin azahar sun zama tudun ƙasa.

Tun ranar idona ya buɗe. Abin da muke kira gida ƙasa ce da aka tayar tsaye na ɗan lokaci, tana jiran ta koma kwance. Mu ma hakan ne. Ban bar salla ba, ban zargi Ubangiji ba, kawai na daina kokawa da abin da ya riga ya ƙare tun kafin ya fara. Ina yi wa mutane gini don suna so. Nawa kuwa na bar shi ya bi hanyarsa. Wanda kwanansa ya ƙare ko a ɗakin ƙarfe yake zai tafi, wanda yake da saura kuma ko a ƙarƙashin tsaga zai wayi gari. Kuma tun da na fahimci haka nake samun barci.

Bangon na duba shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Auta za ta zo miki ranar Asabar.

Allah ya bar zumunci.

Yayanki.

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Yau ba ni da doguwar gaisuwa, ka yi haƙuri.

Kwanan Auta tara a wurina. Ranar farko na ga hannun rigarta ya ɓalle, na ce ta kawo in bi mata da keke. Ta ce in bar shi, ai zai sake yagewa. Na yi dariya, na ɗauka ƙiwa ce. Na buɗe jakarta, littafin lissafinta fari fat tun tsakiyar zango. Na tambaye ta, ta ce wanda ya yi karatu da wanda bai yi ba duk wuri ɗaya za su. Yarinya 'yar shekara tara, Yaya. Shekaranjiya na lura tana ɗingishi. Ashe kwalba ce ta yanke ta a tafin ƙafa tun a gidanka, ta yi shiru har wurin ya yi ruwa. Da mai magani yana wanke mata ko uhum ba ta ce ba. Har yaba jarumtarta yake yi.

Jiya ina taje mata kai na tambaye ta ko ba ta jin tsoron kwana a jikin bangon nan. Ga abin da ta ce, ban ƙara ko harafi ba:

"Da ina ji, Gwaggo. Yanzu na matsar da gadona jikinsa. In ya faɗo ai zan ga Mama da wuri."

Ba ta yi kuka ba. Ni na yi.

Ka ce kana samun barci. Ita ce take biyan barcin nan naka. Kai ka kai hamsin kafin ka yanke cewa komai ƙasa ne, ka ci, ka sha, ka yi aure, ka ga ginin hannunka a tsaye. Ita tun ba ta ɗanɗana komai ba ka miƙa mata ƙarshen zance.

Ba zan yi gardamar ilimi da kai ba, ka fi ni tunani. Ni ma na san duk rigar da na ɗinka tsumma za ta zama. Amma ina ninke bakinta in bi shi sau biyu, saboda akwai wanda zai sa ta gobe da safe ya fita cikin mutane. Wataƙila duniya ba ta wuce haka ba, amma goben nan ta wani ce.

Ranar Litinin ake komawa makaranta. Auta ba za ta dawo ba. Na san 'yarka ce, na san ban isa in raba ku ba, ka kai ƙarata duk inda kake so. Muddin bangon nan yana haka, tana nan wurina, kuma ko abin zai kai shekara, zan nema mata makaranta a nan.

Ka yafe min zafin harshe. Ina ƙaunarka, shi ya sa.

Ƙanwarka.

*

Ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Ki yafe jinkirin amsa, mako biyu ina ɗaukar biro ina ajiyewa.

Na shiga ɗakin. Na tarar da gadon a inda ta ce. Wata nawa yana wurin ban sani ba, kuma kullum ina wucewa ta ƙofar.

Jiya na rushe bangon. Bugu uku na yi masa ya zube gaba ɗaya, a kan gadon. Ƙafafun gadon biyu sun karye.

Ban canja ra'ayi ba, wanda zan tayar shi ma wata rana zai kwanta. Amma na haƙa tushe, bulo yana zuwa gobe. Ki riƙe ta kwana goma sha huɗu, sai siminti ya kama. Kada ki gaya mata zancen gadon. Ki ce Babanta yana tambaya, wane launin fenti take so.

Na gode. Ki duba mata ƙafar nan.

Yayanki.